Mai Girma Ya Ci Zomo, Mu Ke Cin Gudu

Jama'a, yau da safe na saɓo hauya zan je in ceci gerona daga ciyawa, sai ga Maina gardi, dogarin garinmu, a ƙofar gida, bulala a hannu, murmushi a fuska. Wanda ya san Maina ya san murmushinsa ya fi bulalar ciwo.

"Ɗalha, aje hauyar nan. Yau ma kana cikin masu tafiyar lafiya."

"Haba Maina, jiya ma fa ni ne. Harƙiya ta shaƙe mini gero, damina kuwa ba ta jiran kowa."

"Gerunka ya fi lafiyar Mai Girma?"

Wane ni! Na jingine hauya na bi sahu.

Bari in warware wa baƙi zance. A garinmu, nan tsakanin Dungas da Guci, Allah ya albarkace mu da wani babba. Ba zan faɗi sunansa ko kujerarsa ba, ina son bayana. Ranar da Nasara suka ɗora shi a kanmu kamar sillen kara yake. Tun daga nan hatsin lanho, wato haraji, da gyaɗar gaisuwa, da ragunan neman alfarma, duk ta zaurensa suke bi, kuma cikin ikon Allah duk suka taru a wuri guda, ƙarƙashin rigarsa. Dokinsa na fari ya gurgunce. Na biyu da ya hango shi sai ya tsinke igiya. Daga nan aka koma ɗaukarsa a amaku, ragar nan ta ɗaukar manya a kafaɗa, wuyanmu ya shaida.

Bana abin ya kai intaha. Numfashi sama-sama, gwiwoyi sun ƙi, salla ma sai a zaune. Aka loda shi a kamyo, motar kaya, sai Damagaram, wurin lokotoro, likitan Nasara. Bature ya lallatsa tumbin, ya ba shi zaɓi: ko a tsaga cikin a kwashe kitsen a ɗinke, ko kuwa ya riƙa tafiyar ƙasa kullum safe har ya yi gumi, ya bar nama da mai.

Mai Girma ya dawo jiki a sanyaye. Gaskiya na ɗan tausaya masa, don tsoron wuƙa ba ƙarya ba ne, ko rago ya san shi. Masu fadanci suka cika zaure ana ta ja-in-ja. Wani ya ce a yanka, ai Nasara sun iya ɗinke mutum kamar buhun gyaɗa. Wani ya ce in ba a tashi ba fa? Wani kuma ya ce ko an tashi, wa zai ji tsoron babban da ba tumbi, riguna kuma wa zai cika su? Aka juya kan tafiyar ƙasa, sai zauren ya ɗauki salati. Mai Girma a ƙasa, yana gumi kamar mai tallan itace?

Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wani tsohon ɗan zaure ya gyara murya.

"Allah ya ja zamaninka, yaushe ka taɓa yin abu da kanka? Ta'aziyya wakili, suna wakili, gonarka gayya. Ai girma ya haramta maka wahala. A naɗa wakilai su yi tafiyar."

"Barin naman fa?"

"Shi ma talakawa sun ɗauke maka, ranka ya daɗe. Rabonsu da nama tun Layya."

Aka yi kabbara. Kai, hikima tana inda take!

Ga mu nan kullum, magidanta masu furfura, muna sassarfa a hanyar Guci, Maina a bayanmu bisa doki yana duba wanda bai jiƙe ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a garinmu an raba aikin: shi zomo, mu gudu. In mun dawo sai mu durƙusa a ƙofar zaure, shi kuwa yana kishingiɗe da cinyar rago.

"Maina, sun yi gumi?"

"Sharkaf, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ni ma na ji jikin ya yi sauƙi."

Maƙwabcina Labbo ya raɗa mini, "Wallahi Ɗalha maganin Nasara yana ci. Dubi zariyar wandona, sai na zagaya ta sau biyu."

Ba ni da bakin dariya. Hanyar tana ratsa gefen gonata, kullum ina kallon gero yana rawaya a cikin ciyawa, ina wucewa da gudu don lafiyar wani. Abin yana ƙona mini rai. Ƙande, uwar 'ya'yana, ta gaji da jira ta ɗauki hauyar da kanta, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

"Malam," in ji ta, "in rumbu ya tashi fayau, ka tambayo mana ko Mai Girma zai yi wakilcin yunwar."

To, yau da muka dawo sai muka tarar an auna tumbin da rawani. Rawanin da yake haɗuwa kafin magani, yau ya ƙi haɗuwa. Aka ce laifinmu ne, guminmu ba na tsakani da Allah ba ne. Mai Girma ya nisa, ya yi ta maza, ya ce ya yanke shawara: a yi aikin wuƙar. Zaure ya ɗauka da kirari, zaki, namijin duniya! Saura kawai a samo wakili mai ɗan tumbi da lokotoro zai tsaga.

Aka jera mu a rana. Maina ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga riguna da bakin bulala. Haƙarƙari, haƙarƙari, haƙarƙari. Ya mintsini cikin Labbo, bai samu abin kamawa ba. Da ya zo kaina tsaki kawai ya ja ya wuce.

Da la'asar na leƙa gona. Gonar ta riga ta lalace, ciyawa har ƙugu, bana sai dai mu yi kiwon awaki a ciki. Na tsaya hawaye na neman zubo mini, sai na shafa cikina na tuna ashe wani hani ga Allah baiwa ne. Ku taya ni godiya ga Mai Girma, jama'a. Albarkacinsa, baɗi ma wuƙar lokotoro ba za ta samu abin yanka a jikina ba.