Yaƙin Tasi'u Mai Wankin Mota da Gashin Rumasa'u

Da sunan Allah muke farawa, da salati ga fiyayyen halitta. Amma ba'adu, 'yan'uwa mata ku ajiye tsintsiya, ku rage wutar girki, ku matso ku sha labarin sadauki ɗan sadauki, Tasi'u ɗan Malam Nadabo mai facin keke, jikan Ɗan'azumi wanda ya taɓa tura motar katako shi kaɗai, ko da yake an ce gangare ne, tattaɓa-kunnen Barmo mai ban ruwan albasa. Tasi'u Sarkin Kumfan Funtuwa, Barden Tiyo, Garkuwan masu wankin mota na bakin titin Zariya, sahibul soso wat-tsumma, gwarzon da in ya goge tayar tirela sai direba ya duƙa ya gyara hularsa a ciki!

Asalin wannan yaƙi kuwa alheri ne. Allah ya sauki matarsa Shafa'atu lafiya, namiji, ƙato, kumatu luhu-luhu, tubarkalla masha Allah, ba ya kuka sai da dalili. Maijego ta tattara ta tafi wankan gida wajen mahaifiyarta Inna Tabawa. Saura babbar 'yarsu Rumasa'u, 'yar shekara huɗu, mai gashi cunkus baƙi wuluk, irin wanda mataji ke shiga da bisimilla ya fito da giɓi. Inna ta ce a kawo mata ita. Sadauki yana durƙushe, kai a ƙasa saboda kunyar surukai, amma jinin Ɗan'azumi ya motsa.

"Inna, a bar min ita saboda makaranta. Ni da nake wanke tirela tun daga kai har wutsiya, ai kan yarinya ba zai gagare ni ba."

"To madalla, Baban Ruma," in ji Inna. "Amma ka ji da kyau. In ta zo min ranar suna da kai kamar sheƙar tsuntsu, wanzamin da zai yi wa jariri aski ba zai mayar da askarsa zabira ba sai ya haɗa da ita. Tal-kwabo."

Rumasa'u ta dafe kai da hannu biyu ta ƙwalla ƙara. A nan aka buga gangar yaƙi.

Washegari jarumi ya tsefe tsohon kitso, gashi ya tashi buzu-buzu kamar hadarin gabas. Ya hau babur ya nufi kasuwa neman makami. Mai shagon kayan kwalliya ya ɗauko masa wata 'yar kwalba, ya ce man gashi ne mai silikon, mata na rububinsa. Tasi'u ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya ji santsi, sai ya yi murmushin wanda ya haɗu da ɗan garinsu a baƙon wuri. Ai ƙanen folish ne! Uwa ɗaya uba ɗaya da wanda yake shafa wa gaban mota!

To ita shari'ar wankin mota, wadda ya gada wajen maigidansa, shi ma ya gada wajen nasa, ba ta da sassauci: a wanke, a goge, a bar abu ya bushe ƙamas, sannan a sa folish, domin wanda ya shafa folish a kan danshi an gama raina shi a bakin titi. Saboda haka ya wanke kan Rumasa'u, ya dirje shi da tawul, ya zaunar da ita gaban fanka, da bai gamsu ba ya ƙara mata da hantsi, har gashi ya bushe ƙayau kamar harawa. Sannan ya tsiyaya mai, ya shafe.

Wayyo ƙyalli! Kai ya ɗau ido kamar sabuwar mota fitowar kamfani. Domin tabbatar da nasara ya ɗauko buta ya yayyafa ruwa, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, ko ɗigo bai shiga ba.

"Allahu Akbar! Folish ya kama!"

Ya ɗauki hoto ya tura wa maijego, ita ma baiwar Allah ta rangaɗa guɗa tana zaune a kan gado. Daga ranar kullum safiya sai ya ƙara shafi a kan shafi, ba wanki ba ruwa, ƙyalli na hawa kan ƙyalli, alhali can ƙasa rundunar maƙiya na haƙa ramuka: gashi na ƙishi, yana ƙulluwa, yana cukurkuɗewa kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. In ya sa mataji sai ya ji ƙas-ƙas, ya ga guntaye a kafaɗar yarinya, ya hure su, ya ƙara mai.

Ranar jajibirin suna da azahar ya riƙo hannunta, yana taku irin na wanda ya ci gari, ya yi sallama gidan maƙwabciyarsu Maman Zinnira mai kitso. Ta fito zaure, ta soka kibiyar tsaga, kibiya ta maƙale. Ta kama sili guda ta ja, ya tsinke.

"Baban Ruma, me ka yi wa yarinyar nan?"

"Folish. Duba ƙyalli."

"Ƙyallin me? Kai wannan kai ne ko bonet ɗin mota? Man nan marufi ne, bawan Allah, ba ruwa ba ne. Shi ake sawa ƙarshe ya tsare danshi. Kai ka kori ruwan tas, ka rufe tulu ba komai a ciki, kullum kana ƙara liƙe bakinsa. In na kama kan nan yanzu kakkaryewa zai yi a hannuna, gobe Inna Tabawa ta ce ni ce."

"Abba, aske ni za a yi?" in ji Rumasa'u.

Duniya ta yi wa Barden Tiyo duhu. Maman Zinnira da layin mata ke jiranta a ciki ta dumbuza masa garin karkashi a leda, ta jero masa dokokin yaƙi, ta ce in ya kawo kan da laushi kafin magariba za ta kitsa, in ya wuce haka sai dai wanzami.

Jama'a, tsakar gidan nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba! Sadauki ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora ruwan ɗumi, ya jera bokitai sahu-sahu kamar dakaru, ya girke Rumasa'u a kujerar tsuguno, ya ba ta waya tana kallon 'yar tsana, ya ce, "Ya Mai taimako!" ya afka. Karon farko shamfu ya shiga ya ɓace, ko kumfa bai yi ba, domin ganuwar da ya gina da hannunsa ta tsaya ƙyam. Ya ɗauraye ya sake kai hari, a cuɗa a murza a cuɗa, gumi na zuba, har Allah ya kawo buɗi, kumfa ta tashi fara fat ta rufe kai da kunnuwa.

"Abba idona! Abba idona!"

"Rufe, uwata, rufe! Mun kusa shiga gari!"

Sannan ya kwaɓa karkashi, ya yi yauƙi zalalau, ya lafta a kai, rabi a gashi rabi a siminti. Ya juya zai ɗauko mataji, ƙafa ta taka yauƙi, sai ga jikan Ɗan'azumi a sama, sai ga shi a ƙasa tim, bokiti ya kife masa a cinya, kaji suka watse, Rumasa'u da ke kuka ta koma ƙyaƙyata dariya har da shaƙuwa. Ya miƙe yana ɗingishi, ya raba gashin kashi-kashi, ya fara taza daga bakin gashi yana hawa zuwa tushe, abin da ya saɓa wa duk karatunsa, shi da ya saba fara mota daga rufi. Ƙulli ya miƙa wuya, na bayansa ya miƙa, wani ya yi taurin kai aka bi shi da yatsa da lallashi har ya watse.

Amma babbar jarrabawa tana gaba. Da ya ɗauraye, ya ga kai sharkaf yana ɗiga, sai hannunsa da kansa, ba da izininsa ba, ya tafi ya kunna fanka. Sai muryar Maman Zinnira ta faɗo ta kan katanga kamar aradu.

"Baban Ruma, na ji ƙarar fanka! Kashe ta! Da danshinsa!"

Ya kashe. Ya rintse ido, ya nemi gafarar maigidansa da maigidan maigidansa, ya lakato man kaɗe ya shafa a kan jiƙaƙƙen gashi, sannan ya kawo silikon, ɗan ɗigo kawai a tafin hannu, ya bi sama-sama. Ya ɗora mataji a tushe. Mataji ya sulale har ƙasa, sumul, ko tari bai yi ba.

"Allahu Akbar! An ci gari! An ci gari!"

Har ladan ya fara gyaran murya aka shigar da Rumasa'u, Maman Zinnira ta zuba mata shuku ƙanana reras, da duwatsu ja da fari suna kacau-kacau.

Ranar suna da hantsi sadauki ya sha shadda, ya ɗauko 'yarsa a gaban babur, ya shiga gidan surukai da ɗingishinsa, ƙirji a gaba, yana jiran guɗa da tafi, wataƙila ma a saka shi a bakin maroƙa. Ga wanzami a gindin darbejiya ya gama da jariri, aska na hannunsa. Inna Tabawa ta ce, "Zo nan, kishiyata." Rumasa'u ta matsa a ɗarare. Inna ta juya kan hagu, ta juya shi dama, ta murza jelar shuku tsakanin yatsu, ta sansana. Har maijego ta leƙo ta taga da jariri a kafaɗa.

"Hmm," in ji Inna. "Wanzam, mayar da askarka. Kai, Maman Zinnira dai akwai hannu."

Ta zaro ɗankwalin anko ta ɗaure kan tamau har kunnuwa, ta kora yarinya wajen wasa, ko sili guda babu wanda ya ƙara gani har aka watse. Sannan ta dubi Sarkin Kumfan Funtuwa, Barden Tiyo, Garkuwan masu wankin mota, mabuɗin ƙulle-ƙulle, wanda ya faɗi bai yi kuka ba, ta ce tunda babur ɗinsa na waje ya taimaka ya nemo ƙanƙara, zoɓo ya fara ɗumi.