Hannun Waje a Ƙungiyar Masu Sauraro

Shekara goma sha ɗaya Malam Barau tela yana shugabancin ƙungiyar masu sauraron rediyo ta garinmu, kuma ba abin da yake tsoro a duniya irin ranar da za a ce ya sauka. Mu kuwa kun san halinmu: kwatar ƙofar gidanmu ta toshe ba mu gani ba, amma in wani minista ya yi tari a bayan teku sai mun kira taro. To, da aka ji labarin an sa shugaban ƙasar Haiti a jirgi an fitar da shi, Malam Barau ya ɗauki abin da zafi kamar ɗan ɗakinsu aka taɓa. Taro uku a jere ba a yi zancen komai ba sai Haiti, alhali in an ce ya nuna ta a taswira, sai dai ya shafa teku da tafin hannu ya ce tana nan wajen. 'Yan ƙungiya suka gaji, aka fara ƙus-ƙus a bayan idonsa.

A taro na huɗu Tanimu mai gyaran keke ya ce, "Shugaba, ni fa na ji an ce mutanensa ne suka gaji da shi. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Kai Tanimu, tsaya a kan facin taya!" in ji Malam Barau, yana dukan benci. "Ba shugaban da ke faɗuwa haka kawai. Manyan ƙasashe ne ke zama a ɗaki mai sanyi su ja layi a kan sunan mutum. Duk inda ka ji an tsige shugaba, nemi hannun waje."

Tanimu ya ce to, tunda an zo kan maganar tsigewa, shi ma yana da 'yar shawara. Nan take aka ɗaga hannu. Mutum goma sha huɗu cikin sha shida suka ce shugaba ya sauka. Ragowar biyun, ɗaya Malam Barau ne, ɗayan kuma gyangyaɗi yake yi.

Abin ya yi wa Malam Barau ciwo ƙwarai. Ya miƙe ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ban yi mamaki ba. Abin da aka yi wa na Haiti shi aka yi mini. Gaskiyar da nake faɗa ce ta kai kunnen manya. Wallahi da hannun Turawa a wannan tsigewar!"

Sha'aibu sakatare, mai rubuta wa ƙungiya wasiƙun gaisuwa zuwa gidajen rediyon ƙetare, ya rufe littafinsa a hankali.

"Allah ya sa gaskiyarka ce, Malam," in ji shi. "Tun gemuna yana baƙi nake aika musu wasiƙa, ko sunan garinmu ba su taɓa karantawa ba. In dai su ne suka tsige ka, to yau suka fara ba mu amsa."