Birkin Gaisuwa a Old Kent Road

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a falonmu na Plumstead. Mu huɗu ne: ni, da matata Hajiya Rabi, da 'yarmu Bilkisu, sai ƙanin Hajiya, Kawu Danladi, wanda na kira musamman ya zama shaida.

Ga yadda abin ya faro. Bilkisu ta ci jarrabawar tuƙi. Karatun jinya take yi, kuma asibitin da aka tura ta koyon aiki sai ta hau bas biyu kafin ta isa. Na yarda a sa sunanta a inshorar motata. Kamfanin ya ce sai an liƙa wata 'yar na'ura, black box, mai lura da gudu da birki da shan kwana, duk mako ta turo maki a waya.

Na'urar nan ta ɗaure min kai. Ba ta fi akwatin ashana ba, ba ido, ba kunne. Na haska ta da tocila ta kowane gefe, na tambayi wanda ya liƙa ta yadda take sanin an taka birki. Ya ce girgiza take ji, kamar yadda fasinja ke ji. (Na gyaɗa kai kamar na gane.)

Mako uku makin na sauka. Sai ga saƙo: in aka ci gaba da birkin ba-zata, za a soke inshorar. Ni da na fi shekara ashirin ina tuƙi a London, wa zan zarga? Ban yi dogon bincike ba, na kira taro.

Na miƙe tsaye da takardata. Na ce, "Na farko, mota amana ce. Na biyu, birki ba ganga ba ne da za a yi ta duka. Na uku, Bilkisu, ajiye makulli a kan tebur."

Ta ajiye, idonta ya ciko, don washegari tana da aikin safe. Ta ce, "Baba, can I see the app?"

"Yi Hausa gaban kawunki."

"Don Allah, Baba, a ba ni wayar in duba."

Ni makin kawai na iya kallo, ban san ana danna shi ya buɗe ba. Tana dannawa sai ga taswira da jajayen ɗigo a jere a titi ɗaya. Ta fara karantowa a hankali: "Juma'a, ɗaya saura kwata. Juma'a, ɗaya saura minti goma. Juma'a..." Ta ɗago. "Baba, ranar Juma'a kai ke fita da mota zuwa masallaci."

Kawu ya gyara tabarau ya leƙa. "Alhaji, ai Old Kent Road ce. Wannan ɗigon ƙofar shagon Baba Issaka ne, mutumin Kumasi mai doya. Wannan inda Dakta Lawal ke jiran bas. Wannan kuwa..." Sai ya fashe da dariya. "Wallahi ni ne! Shekaranjiya ka hango ni ka ci birki, bas na bayanka tana ta oda, kai kana tambaya ta ya ciwon gwiwa!"

Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara nawa ina dafe kujera ina salati, ana ce min tsoron mata ne."

Gumi ya karyo min, amma wata tambaya ta ƙi barina. Na ce, "To ita na'urar ba ta bambanta birkin ganganci da na gaisuwa?"

Bilkisu ta danne dariya ta ce, "Baba, ba ta san Baba Issaka ba."

Na naɗe takardata (akwai na huɗu da na biyar, ba wanda ya ji su har yau). Na tura mata makulli da yatsa ɗaya, na ce ta yi haƙuri. A gaban kawunta na faɗa, tunda a gabansa na yanke hukunci. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tara jama'a ya yi shari'a, ya fara tabbatar da ba shi ne ɓarawon ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san ni: in ka gan ni ranar Juma'a na wuce ka ban tsaya ba, kada ka ce na yi girman kai. Ka ɗaga min hannu kawai, ka same ni a ƙofar masallaci, mu gaisa har da ciwon gwiwa.