Rasuwar Baraka, Zabuwar da Ta Tashi Sama Ba Ta Dawo Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Nuriyya Chaibou, mai taya ɗinki a wani shago a unguwar Château Rouge, nake sanar da 'yan uwa na Paris da Lyon rasuwar zabuwata Baraka. Ta bar mu ranar Lahadi bayan La'asar, a kan ekran na ordinater, wato allon kwamfutar gidanmu da ke La Courneuve, tana da mako bakwai a duniya.

Marigayiya 'yar ƙarama ce, girman farcen babban yatsa. Ni na zana ta, ɗigo bayan ɗigo, a ajin ranar Asabar inda Madam Fatou take koya mana haɗa wasan ordinater. Dukiyarta lambobi biyu ne kacal: gudun kwance da gudun tsaye. In gudun kwance uku ne, ta yi dama. In an sa masa alamar ragi, ta yi hagu. Tsalle kuwa na gudun tsaye ne. Ana ba ta ragi goma ta tashi, kowace ƙiftawa a ƙara mata ɗaya, har nauyi ya rinjaye ta ta sauko. Duk tashin da za ta yi sai ta ce "ƙwit". Ba ta taɓa tambayata ajin da na tsaya a lakwal, makarantar boko, ba.

Ciwon ajalinta ya zo daga Lyon a jirgin ƙasa. Yaya Abdulrazak, ɗan wan babana, mai diplom biyu a lissafi, ya kawo mana ziyara. Bayan an ci shinkafa ya ga ina wasa, ya jawo kujera ba wanda ya kira shi. Ya duba layuka arba'in na umarnin da na rubuta wa Baraka ya yi dariya. Ya bayyana wa baƙin da muka ci abinci tare cewa ko ɗan firamare ya san lamba tana ƙaruwa ne in ana hawa, don haka na rubuta komai a kife.

A takarda gaskiyarsa ne. A ekran kuwa sifiri yana can sama, lamba tana ƙaruwa in ana sauka. Na san wannan tun Asabar ta biyu. Amma Kawu Isufu yana zaune, matarsa tana zaune, kuma ban taɓa ce wa Yaya a'a ba. Sai na tashi na kwashe kwanoni.

Ya juya alamomin. Ko maɓalli ba a taɓa ba, Baraka ta ɗaga daga ƙasa a hankali, ta ƙara gudu, ta fice ta saman ekran. Ba ta ko samu cewa "ƙwit" ba. Yaya ya ɗora laifin a kan ordinater. Ya goge layukana don ya rubuta masu tsabta, ya adana a kan nawa, sannan ya duba agogo ya ga jirginsa zai tashi. Ya bar mini layi shida da shawarar in ƙara karatu.

Ta rasu ta bar ƙwayar gero uku da ba ta ci ba, da katanga ɗaya da ba ta tsallake ba, da wani shaho mai gudun kwance kaɗai, wanda har yanzu yake kai da komo yana nemanta. Ta kuma bar ni da Asabar mai zuwa, ranar da Madam Fatou za ta zaɓi masu shiga aji na biyu daga cikin waɗanda wasansu yake aiki.

Ba za a yi wanka ba, don ba a ga gawa ba. Bisa lissafi tana kan hawa har yanzu. Ana karɓar gaisuwa a shago daga ƙarfe goma zuwa Azahar, kada a kawo abinci. Za a yi rakiya ranar Asabar ƙarfe biyu a aji, inda za a nuna ƙanwarta, wadda nake rubutawa tun Litinin. Ta iya dama da hagu, jiya ta yi tsallen farko ta sauko lafiya.

Yaya Abdulrazak zai iya yin tasa gaisuwar ta telefon. In kuma ya zo da kansa, akwai shayi, akwai kujera kusa da ƙofa. Ordinater yanzu yana da lambar sirri, kuma ko Kawu ne ya tambaye ni, na manta ta.