Gawar da ke cikin akwatin Bature

Zamanin da raƙuma ke kawo alhazai daga Jidda, wani Bature musulmi ya sauka gidana a Makka. Ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a tsaunukan ƙanƙara, inda ake Jamusanci. Yana tafiya ziyara Madina, akwatin da ya bari a gidana ya soma wari.

Ni da na sha wankan gawa, wa zai koya mini? Na rantse wa maƙwabta: "Wallahi mutum ne a ciki!" Har na fara hango takobin hauni a wuyana. Aka kira askarawa suka fasa akwatin, ina ta salati.

Ashe cukun garinsu ne zafin Makka ya narkar.

Har yau idan aka kira ni wankan mamaci, sai wani ya ce, "Baba, duba da kyau, kada mu sallaci cuku."