Ƙwai a Zauren Surukai

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na je gaisuwar surukai a Auyo ba. Zamanin Turawa ne, ina masinja a ofishin En'e a Haɗeja, saurayi mai ji da kansa. Ina da kaki mai guga, kuma Di'o ya taɓa kiran sunana daidai sau ɗaya (na yi wata guda ina ba mutane labari).

Ina kuma da kaza. Wake-wake ce, mai ɗigon baƙi da fari, ta Innata, ita kaɗai ta rage cikin kajinta bayan ta rasu. Ni gwauro ne, daga ni sai ita a gidan, har hira nake yi mata.

Ana jibi tafiyar sai na ga ta ƙi tsaba. Tana tafiya a tale kamar agwagwa, wutsiya a ƙasa, ta shiga akurki ta yi ta yunƙuri ta fito ba komai. Na taɓa ƙasan cikinta, na ji abu mai tauri. Ƙwai ne ya maƙale. Na taɓa ganin Inna tana jinyar irin wannan, sai na bi sawunta: na zaunar da ita cikin ƙwaryar ruwan ɗumi, na shafa mata man gyaɗa a mafita, na daka ɓawon ƙwai na cuɗa da dusa ina ba ta a baki. Abin da ya rage shi ne ɗumi da haƙuri.

To, ga damina ta yi nisa, ɗakina na yoyo, ga muzuru ya addabi unguwa. In na bar ta, gawa zan tarar. In na fasa zuwa kuwa, Malam Habu, mahaifin Hajara da nake nema, ba mutumin da ake saɓa wa alkawari ba ne, kuma akwai wani ɗan fatake da ke zawarcin gidan. Sai dabara ta zo mini (a lokacin na ɗauka dabara ce). Na naɗe kazar da zanen Inna, na rataya ta a hammata, na zumbula babbar riga a kai.

Abokina Sale, wanda zai raka ni, bai lura ba sai da muka shiga kwalekwale, don ruwa ya shafe hanya.

"Me ke motsi a jikinka?"

"Mara lafiya ce."

Ya leƙa, ya yi salati. "Don girman Allah ka bar wa mai fito ita!"

Na ƙi. Mutumin da ban sani ba, ga shi da idon mai son romo.

Muka tarar da Malam Habu a zaure tare da dattawan unguwa. Manomin shinkafa ne, dogo, ba ya dariya. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa. Ina cikin "Mun same ku lafiya, Baba? Ya ruwa?" sai na ji kazar ta miƙe a hammatata, ta takure, ta yi wani yunƙuri da ban taɓa jin irinsa ba. Na matse hannu. Na ƙara murya ina tambayar lafiyar shinkafa.

Sai ga ƙwai ya sulluɓo ta ƙasan rigata. Ya faɗo kan tabarma, bai fashe ba, ya gangara a hankali, yana ƙyallin man gyaɗa, ya tsaya daidai gaban ƙafar Malam Habu.

Ni ina durƙushe, ƙwai ya fito daga ƙarƙashina, kowa ya gani. Sale ya kafa kai a ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Malam Habu ya ɗauki ƙwan, ya juya shi, ya ji ɗuminsa. Ya dube ni, fuska ba annuri, ya ce, "Barka da arziki, yaro. An sauka lafiya?"

Kafin in buɗe baki, kazar ta fasa kyarkyara daga cikin riga. Dattawa suka kwashe, wani har da faɗuwa gefe. Daga bayan zana na jiyo mata suna shewa, kuma na rantse na gane muryar Hajara a ciki.

Na so ƙasa ta tsage. Amma ka san abin mamaki? A ƙarƙashin kunyar nan, murna ce fal cikina. Ta rayu! Na fito da ita na ajiye, ta girgije, ta hau tsintar shinkafar da ta zube a bakin ƙofa. Na ba da labari tun daga farko, ina gumi.

Malam Habu ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wanda ya ratso ruwa da kaza a hammata don kada ta mutu, ba zai bar 'yata da ciwo ya tafi yawo ba. Turo manyanka."

Aka ba ni Hajara. Kazar kuwa ta ƙyanƙyashe tsaki har suka ishe mu. Amma a Auyo ba wanda ya san sunana na yanka. Jikokina ma, in sun je can, jikokin Mai Jego ake ce musu. In an kira ni haka nakan amsa, har da gyara hula.

Darasin da na koya dai ɗaya ne: in za ka shiga gaban surukai da abu mai rai a cikin riga, ka gabatar da shi tun daga bakin ƙofa, kafin shi ya gabatar da kai.