Rasuwar Babban Fayil na Ɗakin Ƙarshen Baranda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ba kuma mai taya ta, magatakardar sashen ma'aikata, wadda kowa ke kira Uwar Fayil, tana sanar da rasuwar abokin zamanta, Babban Fayil. Shi ne jadawalin kwamfuta da ya riƙe sunan kowane ma'aikaci, daga manaja har mai gadi, tun kamfanin yana bene ɗaya har ya yi rassa a garuruwa.

Marigayin mai haƙuri ne. An sha gaya wa shugabanni su sayi rumbun bayanai na gaske, su ce a bari sai baɗi. Shi kuwa bawan Allah ya yi ta ɗaukar kaya, layi a kan layi. Iyakar ƙorafinsa "ɗing" idan an matsa masa, sai kuma "fuuu" ɗin da yake yi kafin ya buɗe, har mutum ya gama shan shayi.

Hali ɗaya gare shi, ba ya yarda mutum biyu su taɓa shi lokaci guda. Don haka mai neman hutu, mai neman ƙarin girma, mai gyaran suna, dole kowa ya sauko ɗakinta ya jira. A wannan jiran take jin wanda matarsa ta haihu da wanda hawan jini ya kama. Maigidanta ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Hirar nan ita ce ke riƙe da ita.

Ciwon ajali ya same shi ranar da ta je ganin likitan ido. Wani jami'i mai rawar kai ya jera sahun sunaye bisa haruffa, ya bar sahun sauran bayanai inda suke, ya adana abinsa. Direba ya wayi gari darakta, sabuwar ma'aikaciya ta sami takardar ritaya, mai gadi kuwa aka ba shi hutun haihuwa. Masu gyara sun yi iya yinsu, amma rai ya yi halinsa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya, wato kwafe-kwafensa: Na Ƙarshe, Na Ƙarshe na Biyu, Na Ƙarshen Gaske, da autansu, Don Allah Kar a Taɓa. Babu biyu a cikinsu da bakinsu ya zo ɗaya.

Magajinsa, sabon rumbun bayanan da shugabanni suka sayo a ƙarshe, kowa yana shiga daga kujerarsa. Ba ta ga laifinsa ba. Sai dai tun zuwansa ba wanda ya murɗa ƙofarta, kuma kewa tana cin ta.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da hantsi a ɗakinta, inda za ta danna maɓallin gogewa da hannunta. Ta so ta aika wa kowa wannan sanarwa, amma lambobin wayarsu suna cikin marigayin a hargitse, shi ya sa ta manna ta a ƙofa. Wanda Allah ya sa ya biyo ta barandar, don Allah ya shigo. Ta aro kujeru.